Ranar da Indararon Zauren Malam Ya Yi Shiru

Da sunan Allah, wanda ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya bar ɗan Adam da rufin da ba ya tsayawa sai an tokare shi.

A bana 'ya'yana suka haɗa kai suka yi mini abin da suke ganin alheri ne, kuma alherin ne, Allah ya saka musu. Suka kawo ma'aikata aka yaye tsohon tol, wato kwanon rufi, na ɗakina aka kafa sabo, sannan aka lulluɓe ƙarƙashinsa da wani farin allo mai santsi da suke kira falafon, aka shafe shi da fenti har yana ɗaukar ido. Maƙwabta sun shigo sun yaba. Ni ma na yi godiya da bakina, amma tun daga ranar zuciyata ba ta zauna a ɗakin nan ba. In na idar da salla na ɗaga kai, ba na ganin komai sai fari. Babban ɗana, mai sayar da atamfa a kasuwar Rood Woko, ya shigo gaishe ni wata safiya ya tarar da ni a haka.

"Baba, me kake nema a sama ne? Kullum in na shigo sai in same ka kamar mai duban jinjirin wata."

"Itacen da yake ɗauke da tol nake nema."

"Yana nan a ciki, sabo fil. Mason da ya yi aikin ya ce har jikokinka ba za su taɓa shi ba, garanti ne."

Na ce, "Mason ɗin a nan zai zauna tare da ni?"

Ya yi dariya, ya ce tsufa ne, ya buga motonsa, wato babur, ya tafi kasuwa. Ban ga laifinsa ba. An haife shi a ƙarƙashin tol, bai taɓa zama a inda rufi yake da rai da mutuwa kamar mutum ba.

A Zangon da na tashi cikinsa, a nan Wagadugu, rufin mai hali ƙasa ce. A jera azara ta giginya daga bango zuwa bango, a shimfiɗa zana, a tula ƙasa, a daɓe, a shafe da ruwan makuba don kada ruwan sama ya ratsa. In bazara ta yi nisa, gajimare ya fara taruwa a gabas, unguwa duk sai ta ɗauki wari guda, warin ɓawon ɗorawa da mata suka jiƙa a manyan tukwane. Da hantsi sai ka ji muryar namiji daga wani gida: "Gafara dai masu gida, za a hau bisa!" Sai matan maƙwabta su yayimi zannuwansu su shige ɗaka, domin wanda ya hau soro yana ganin tsakar gida biyar. Ba a hawa da takalmi. Da dunduniya ake karanta rufi, kamar yadda makaho yake karanta hanya. In kuwa ruwa ya sauko, ba a jin ƙararsa a bisa kai. Abin da ake ji shi ne indararo, bututun nan da yake fitar da ruwan rufi zuwa waje, kuma kowane gida da muryar nasa. Ina yaro ina iya rufe ido in ce wancan na gidan mahauta ne, wancan na gidan Mosawan da ke bayanmu ne. Yau in ruwa ya sauka a kan tol, ko liman ne yake karatu a gabanka ba ka jin abin da yake faɗa, balle ka ji abin da ginin yake faɗa.

Mahaifina magini ne, Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai ƙarancin magana, amma a kan rufi ba ya gajiya. Yakan ce azara daga kanta take mutuwa, wato ƙarshen nan da aka binne a cikin bango inda ido ba ya kaiwa. Tsakiyarta tana nan da kyau kamar amarya, alhali kan ya zama gari. Yakan ce in ka ga ɗan gari mai laushi a kan tabarma da safe, ka share, gobe ka sake ganinsa a wuri guda, to kada ka zargi yara. Ya koya mini in bugi azara da sanda in saurara: mai lafiya tana amsawa a taƙaice, matacciya tana amsawa kamar ganga. Sannan akwai abu biyu da ya maimaita mini har na haddace su kafin in haddace karatun allo. Na farko, rufi iri biyu ne, mai neman ƙari da mai neman ragi. Wanda fatarsa ta tsage, yaɓe yake so, a ƙara masa ƙasa. Wanda ƙashinsa ya mutu, sauke shi ake yi gaba ɗaya, wanda ya ƙara masa ƙasa kuwa ya ɗora wa majinyaci kaya. Na biyu, in sama tana zubarwa da yawa indararo yana fitarwa kaɗan, to rufin ne yake shan sauran, kada ka tsaya neman takalminka.

Ban gaji sana'arsa ba. Karatu ya ja ni, na zauna gaban wani babban malami a unguwarmu shekaru masu yawa, har bayan rasuwar mahaifina ya ga dacewar ya ba ni 'yarsa. Daga ranar da aka ɗaura auren, Malam ya tashi daga malamina kawai ya zama surukina, kuma wanda bai san kunyar surukai ta wancan zamani ba ba zai gane abin da zan faɗa ba. Ba na cin abinci inda yake. Ba na kama sunansa, ko mai irin sunansa na haɗu da shi sai in sakaya. In na hango shi a hanya tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa, in da lungu kusa in bi lungun. A zauren karatu ina karanta masa nassi yana fassarawa, wannan karatu ne, ba magana ba ce. Shekara biyu da aure ban taɓa haɗa jimla tawa ta kaina na faɗa masa ba, ban kuma san launin idonsa ba. Yanzu ina ganin saurayi ya dafa kafaɗar uban matarsa ana ɗaukarsu hoto da waya. A da raina yakan ɓaci da haka. Yanzu nakan yi shiru, domin na san abin da wancan halin namu ya ci.

Wata rana a cikin bazara, muna zaune a zauren Malam ina biya karatuna, sai ga ɗan gari ya sauko a kan takardar da ke hannuna, ya zauna a kan baƙi. Na hure shi. Kashegari a daidai wurin ya sake sauka. Da rana ta take, kowa ya shige gida, na dawo ni kaɗai da sanda. Na bugi azara ta farko, lafiya. Ta biyu, lafiya. Babbar da ke tsakiya, wadda sauran suke kwance a kanta, ta amsa mini kamar ganga. Na taka turmi na kai hannu inda kanta ya shiga bango, na soka basilla. Ta shige har gindi kamar a cikin tuwo. Na gwada ɗaya kan, haka. A ƙarƙashin wannan azara Malam yake shimfiɗa buzunsa, kuma mutum goma ko fiye suke kewaye shi kullum daga la'asar zuwa magariba.

Na koma gida na faɗa wa matata. Mace ce mai kaifin baki, Allah ya haskaka kabarinta. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"To ka faɗa masa mana. Ba kullum kana zaune gabansa ba?"

"Karatu nake yi a gabansa, ba magana ba."

"Wato ni ce zan je in ce wa Baba zaurensa ya ruɓe? Zauren da kakana ya gina, wanda yake nuna wa baƙi? Kai mai gemu ka kasa, sai ni?" Sannan ta ce, "Bari in gaya wa Inna, ita ta san lokacin da ake yi masa magana."

Abin da na faɗa wa matata shi ne azara ta mutu, dole a sauke rufin kafin ruwa. Abin da ta faɗa wa mahaifiyarta shi ne wai na ce rufin zaure yana son a duba shi kafin damina. Abin da mahaifiyarta ta faɗa wa Malam, bayan ya ci abinci ya wanke hannu, shi ne damina ta gabato, da an ɗan taɓa zaure. Babu wadda ta yi ƙarya a cikinsu. Kowace ta cire wa maganar ƙaya ɗaya don kada ta soki babba, har ta isa gare shi ba ta da tsini ko kaɗan. Malam kuwa ya yi abin da kowane maigida na kirki yake yi in an ce a taɓa rufi: ya sa a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe.

A nan ne laifina ya tashi daga ƙarami ya zama babba. Aikin gidan suruki ba a kiran mijin 'ya, shi yake kawo kansa. Na naɗe wando na ɗauki kwandon ƙasa a kaina, na hau tsani na juye a kan rufin da na san ya mutu. Na sauko na sake ɗauka. A tsakiyar rufin dunduniyata tana jin yana lotsawa kamar cikin saniya, na taka a hankali na wuce, ban ce uffan ba, domin Malam yana tsaye a ƙasa yana sa wa ma'aikata albarka. Muka ƙara masa ƙasa kusan taƙi guda. Da yamma matata ta kawo mini saƙo fuskarta a sake: Baba ya ce Allah ya yi maka albarka, ashe kai ka tuna musu.

Akwai wani dattijo Bagobiri, mai fataucin goro, abokin Malam tun ƙuruciya, wanda yakan zo ya zauna a zauren bayan ya tashi daga kasuwa, rabi yana sauraro rabi yana gyangyaɗi. Da yake mahaifiyata Bazabarma ce, wasa ne tsakanina da shi, ba ya kirana sai bawansa. Shi kaɗai ne mutumin da zai iya faɗa wa Malam kowace magana a kan idonsa. Na yi niyyar gaya masa ba sau ɗaya ba, sai in tuna bakinsa, in ce zai mayar da abin raha a gaban mutane, a ce mijin 'yar Malam yana yawo da aibin gidan surukinsa. Maimakon haka na yi abin da har yau in na tuna nake neman gafara: na tashi daga wurin zamana na koma bakin ƙofa. Shi kuwa bai bar ni ba.

"Ku dubi bawana ya koma bakin ƙofa! Don in an kawo fura ya riga kowa ne. Bazabarme da ciki, sai Allah."

Aka yi dariya, ni ma na yi yaƙe. Ruwan fari ya sauka, yayyafi ne, rufin ya ɗauka. Na biyu ma haka. Kowace la'asar ina zaune ina bin karatu da baki, kunnena yana sama. In ƙadangare ya gudu a kan rufin sai gabana ya faɗi. Na rame har matata ta fara jiƙa mini magani. Ina ta roƙon Allah ya tsare, alhali na san ya riga ya ba ni abin tsarewar a bakina na ƙi buɗe shi.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashi kwanuka a tsakar gida, sannan ta tsaya cak, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Malam bai dakata ba, ya ɗan ɗaga murya ya ci gaba da fassara. Daga inda nake a bakin ƙofa ina ganin indararon zauren. Na gidan da ke fuskantarmu yana feshi har tsakiyar hanya. Namu yana ɗiga ɗaya-ɗaya kamar hawaye, can kuma sai ya yi shiru gaba ɗaya. Na juya na dubi bango. Wani siririn jan ruwa yana gangarowa daga kan babbar azara, ta bayan rawanin Malam. Sai na ji ƙas, ƙaramar ƙara, kamar an karya kara a ɗaki na kusa.

Ban san sa'ad da na miƙe ba. Na ce, "Ku fita! Kowa ya fita!" Muryar da ta fito ban san ta ba. Malam ya tsaya a tsakiyar kalma. Bagobiri ya buɗe ido ya ce, "To, aljanun Zabarmawa sun motsa." Babu wanda ya tashi, kuma ba taurin kai ba ne: a zauren nan ba a miƙewa kafin Malam ya miƙe. Na gane cewa mutum ɗaya ne kawai zan fitar, sauran za su biyo. Na tsallake ƙafafun manya, na taka buzun da ban taɓa kusantarsa ba, na sunkuya na sungumi surukina kamar damin gero. Ashe ba shi da nauyi. Na fita da shi cikin ruwa. Duk suka biyo ni a guje, ba don gudun rufi ba, sai don su ƙwaci Malam daga hannun mahaukaci.

Muka tsaya a tsakiyar hanya ruwa yana dukanmu. Rawanin Malam ya warware ya faɗa cikin taɓo. Matata da mahaifiyarta sun leƙo ta ƙofar gida, mahaifiyar ta rufe bakinta da hannu. Zauren kuwa yana nan tsaye, ko gezau. Ban taɓa ganin lokaci mai tsawo irin wannan ba. Wallahi, kuma wannan ma yana cikin abin da nake tuba a kansa, a zuciyata na roƙi rufin ya faɗi don kada in zama maƙaryaci.

Malam ya ce a hankali, "Sauke ni." Na sauke shi. Ya ce, "Littattafaina," ya nufi ƙofa, domin a cikin gafakar da ke rataye a bango akwai rubutun hannun mahaifinsa. Na riƙe hannun rigarsa. Ya ja, na ƙi saki. Sai Bagobiri ya share ruwa daga fuskarsa ya ce, "Bar shi ya riƙe ka, Malam, yau ranarsa ce. Ni zan ɗauko. Ƙasa ba ta isa ta ci Bagobiri a gaban Bazabarme ba." Na yi masa ihu kada ya shiga. Amma wa zai saurari mutumin da ya yi wata biyu bai ce komai ba, yau kuma ya ɗauki surukinsa a kafaɗa? Ya shiga. Muka ga gafakar ta fito ta ƙofa, ya jefo ta. Muka ga farar rigarsa ta biyo baya har bakin ƙofar. Sannan rufin ya sauko. Ba ƙarar aradu ya yi ba, wani irin nishi ya yi, kamar raƙumi ya durƙusa da kaya, jan ruwa ya ɓalle ta ƙofar ya wanke mana ƙafafu.

Bagobiri rabinsa yana waje, rabinsa yana ciki. Muka tona da hannu, Mosawan da ke bayanmu suka zo da fartanyoyi, muka ɗaga azarar da ta danne shi. Da na kama kanta sai ya marmashe a tafina. Yana da rai, yana salati, amma ƙafarsa ta dama daga gwiwa zuwa ƙasa ta juya inda ƙafa ba ta juyawa.

Kwana uku bayan haka Malam ya aiko a kira ni. Na durƙusa daga nesa kamar kullum. Ya ce in matso. Ya ce in ɗaga kai. Ranar na fara ganin idonsa, kuma ba fushi na gani a ciki ba, da fushi ne da ya fi mini sauƙi. Bai yi mini godiya ba, bai kuma ambaci ɗaukar da na yi masa ba. Tambaya ɗaya ya yi.

"Tun yaushe ka sani?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, tun kafin yaɓe."

"Ka sani, ka ɗauki ƙasa da kanka ka hau?"

"Na hau."

Sannan ya ce, "Da bakina na karantar da kai cewa tsare rai yana gaba da tsare ladabi. Na zaci ka ji. Ashe ni ma da na karantar ban gina gidan da za a iya faɗa mini gaskiya a cikinsa ba, wannan nawa ne, zan amsa shi a gaban Allah. Naka kuwa ba a wurina yake ba. Tashi ka je ka faɗa wa abokina. Da bakinka, ba ta bakin matarka ba."

Na tarar da Bagobiri kwance a kan tabarma, maɗori ya ɗaure ƙafar da karare, fuskarsa ta zabge. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin murmushi ya ce, "Ga bawana da ya ceci Malam. Zauna, yau na 'yanta ka." Ban zauna ba. Na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga garin da ya sauka a takarda har zuwa dalilin komawata bakin ƙofa. Murmushin ya tafi. Ya juya fuskarsa ga bango har na zaci ba zai sake yi mini magana ba. Can ya juyo.

"Wato da na ce fura kake jira, kabarinmu kake kallo."



Sannan ya ce, "Kunyarka ta ci mini ƙafa ɗaya. Saura ɗaya, kuma da ita zan yi fatauci in ciyar da mutum tara. In ka sake ganin abu a bisa kaina, ko zagina ne ka yi, amma ka faɗa. 'Yancin da na ba ka kuma na janye. Miƙo mini ruwa."

Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, yana jan ƙafar nan daga Zango zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa masallaci. Bai taɓa gaya wa kowa abin da na faɗa masa ba, har mutanen unguwa suka tsufa suna nuna ni suna cewa ga wanda ya ceci Malam. Da ajalinsa ya zo, 'ya'yansa suka ce ya yi wasiyya ni zan yi masa wanka. Na wanke kansa, na wanke damansa da hagunsa kamar yadda aka koya mana. Da na iso ƙafar nan, gajeriya, karkatacciya, sai hannuna ya tsaya, mai zuba mini ruwa yana jira, na kasa ce masa ya zuba.

Allah ya yafe masa, ya yafe wa Malam. Wanda ya karanta wannan, ya roƙa mini.